Nijar: Yadda manoma suka ƙwato gonaki daga bakin hamada

A kudancin Jamhuriyar Nijar, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, manoma sun farfaɗo da ƙasar noma da masu bincike suka ƙiyasta faɗinta ya kai hekta miliyan 5, tun daga tsakiyar shekarun 1980.

An ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 ne suka ƙaru a gonakin wannan yanki. Mafi yawansu ba dasa su aka yi ba, tohowa suka yi daga tsofaffin kututture da saiwoyin da ke binne a ƙasa, manoma kuma suka yi ta renonsu har suka girma.

Masana harkokin muhalli da dama na ɗaukar wannan sauyi a matsayin ɗaya daga cikin mafiya girma da aka gani a yankin Sahel, duk da cewa an shafe kusan shekaru 20 ana yinsa ba tare da hukumomi da ƙungiyoyin agaji sun fahimci girmansa ba.

Mece ce kwararowar hamada?

Nijar na da faɗin murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267, kuma hamadar Sahara ce ta mamaye mafi yawan wannan ƙasa. Galibin jama'a na zaune ne a wani siririn yanki na kudu, inda ruwan da ake samu a shekara yake isa a noma gero da dawa da wake.

Idan aka ambaci kwararowar hamada, mutane da yawa kan ɗauka tuddan rairayi ne ke tahowa daga arewa suna binne garuruwa. Hakan na faruwa a wasu wurare, kamar yankunan Gure da Maine Soroa da ke gabashin ƙasar, inda ake kafa shingayen rassan itace a kan tuddan domin tsayar da su.

Sai dai a mafi yawan wurare, a cikin gonar kanta matsalar ke farawa. Idan aka sare itatuwa, aka kwashe karan hatsi, aka kuma daina barin gona ta huta, iska kan kwashe ƙasar sama mai taki. Abin da ya rage yakan daskare ya zama faƙo, wanda ruwan sama ke bi ta kansa ya wuce ba tare da ya shiga ƙasa ba.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da kwararowar hamada, wadda aka amince da ita a birnin Paris a 1994, ta bayyana matsalar da cewa lalacewar ƙasa ce a yankuna masu ƙarancin ruwa, sakamakon sauyin yanayi da kuma ayyukan bil Adama. Irin wannan ƙasa ce manoman Nijar suka farfaɗo da ita.

Shekarun fari da yunwa

Tsakanin 1968 da 1974 ƙasashen Sahel sun fuskanci fari mai tsanani, wanda ya hallaka mutane da ɗimbin dabbobi. A Nijar, yadda aka tafiyar da rabon abincin agaji na cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilun 1974.

Bayan shekaru 10 fari ya sake dawowa. Yunwar 1984 zuwa 1985 ita ce mutanen kudancin Nijar suka laƙaba wa suna El-Buhari, domin ta zo daidai da lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, inda aka saba samun hatsi da aikin ci-rani.

A waɗannan shekaru magidanta da yawa sun koma sare itace suna sayarwa a birane domin sayen abinci. Gonaki suka zama fili fetal.

Manoma sun riƙa ba da labarin yadda iskar farkon damina ke turbuɗe shuka da rairayi, ko kuma ta yanke ta tun tana ƙarama. A wasu shekarun sai mutum ya yi shuka sau uku ko huɗu kafin ta kama, ga shi kuma damina gajeriya ce.

Dashen da bai kama ba

Matakin farko da gwamnati da masu ba da agaji suka ɗauka shi ne dashen itatuwa. An kafa wuraren renon irin itace, an raba wa ƙauyuka dogon yaro da wasu itatuwan da aka kawo daga waje, an kuma mayar da ranar 3 ga watan Agusta, ranar samun 'yancin kan ƙasar, ta zama ranar dashen itatuwa. A 1984 aka gudanar da wani babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada.

An samu nasara a wasu wurare. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji sun fara dasa layukan dogon yaro a 1975 domin kare gonaki daga iska, kuma layukan sun kai tsawon ɗaruruwan kilomitoci.

Amma a wurare da yawa ƙananan itatuwan mutuwa suka riƙa yi. Wasu zafin rana ya ƙone su, wasu awaki da gara suka cinye, wasu kuma ba a samu mai ba su ruwa ba, domin a lokacin bazara ruwan sha ma wahalar samu yake yi.

Akwai kuma wani dalilin. Ana yin dashen ne a farkon damina, lokacin da manomi ya fi buƙatar kowane hannu a gonarsa, sannan gandun da aka dasa na gari ne baki ɗaya, babu wanda yake ganin nasa ne.

Sassaben zamani

Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya, ya isa Maraɗi a farkon shekarun 1980 yana aiki da ƙungiyar mishan ta SIM. Shi ma da dashe ya fara, kuma mafi yawan abin da ya dasa bai rayu ba.

A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da ke warwatse a gonaki, waɗanda manoma ke sassabewa kowace shekara kafin shuka, toho ne na itatuwan da aka sare tuntuni. Saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, sun kuma riga sun yi nisa zuwa inda danshi yake.

Dabarar da ta biyo baya mai sauƙi ce. Maimakon manomi ya share kututturen gaba ɗaya, sai ya zaɓi reshe mafi ƙarfi, ko kuma 'yan rassa da ba su wuce biyar ba, ya yanke sauran. Yakan rage ƙananan rassan gefe, ya kuma kare abin da ya bari daga dabbobi da wuta. Da yake saiwar babba ce, cikin shekaru uku zuwa huɗu tohon kan zama itace.

Wannan shi ne abin da manoman yankin suke kira sassaben zamani. Ba ya buƙatar gandun reno ko ban-ruwa, wuƙa ko adda ko gatari sun wadatar.

Da farko manoma ba su karɓe shi ba. A wancan lokaci gonar da aka share tas ita ce alamar manomin kirki, kuma malaman gona sun daɗe suna koyar da hakan. Wanda ya bar sabara da kalgo a gonarsa akan yi masa kallon rago.

A lokacin yunwar 1984 an haɗa rabon abincin agaji da sharaɗin barin itatuwa a gona a ƙauyuka kusan 100. Da aka daina rabon, an sare kimanin kashi biyu cikin uku na itatuwan. Sai dai waɗanda suka bar nasu sun ga hatsinsu bai ragu ba, ga kuma itacen girki da abincin dabbobi a kusa. Daga nan dabarar ta riƙa yaɗuwa daga manomi zuwa manomi, a kasuwanni da wuraren taruwa.

Masu bincike sun nuna cewa dabarar ba baƙuwa ba ce ɗungurungum. Barin itatuwa masu amfani a gona tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma a wasu yankunan, musamman na Damagaram, manoma da kansu suka koma gare ta ba tare da wata ƙungiya ta je musu ba.

Muhimmancin gawo

A yankunan Magarya da Matamaye da Mirya, itacen da ya fi yawa a gonaki shi ne gawo, kuma an ƙiyasta ya bazu a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 1.

Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa. Da damina yake zubar da ganyensa, saboda haka ba ya tare wa gero hasken rana. Da rani kuma yake yin ganye, a lokacin da dabbobi suka fi buƙatar inuwa da abinci.

Ganyen da ya zuba yakan ruɓe ya zama taki, saiwoyinsa na ƙara wa ƙasa sinadarin da shuka ke buƙata, dabbobin da ke hutawa a gindinsa kuma suna barin kashinsu a wurin. Shi ya sa hatsin da ke ƙarƙashin gawo ya kan fi na sauran gonar kyau. 'Ya'yansa kuma abincin tumaki da awaki ne da ake sayarwa a kasuwa.

Tarihin baka na yankin ya nuna cewa a ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya tanadi hukunci mai tsanani ga duk wanda ya sare gawo.

Ban da gawo, manoma na renon kuka saboda miya, da magarya da aduwa saboda 'ya'yansu, da goriba saboda kaba, da sabara da kalgo da geza saboda makamashi da magani. A yankin Mirya, cinikin ganyen kuka ya zama babbar hanyar samun kuɗi ga mata.

Tassa da rabin wata

Sassaben zamani na aiki ne inda akwai sauran saiwoyi da rai, galibi a ƙasar jigawa. A kan faƙo, inda babu abin da ya rage, wata dabarar ake buƙata, wato ta tsayar da ruwan sama a inda ya sauka.

A yankin Yatenga da ke arewacin Burkina Faso, wani manomi mai suna Yacouba Sawadogo ya inganta wata tsohuwar dabara da ake kira zai tun daga farkon shekarun 1980. Ya faɗaɗa ramukan da ake haƙawa a busasshiyar ƙasa, ya riƙa haƙa su tun da rani, yana kuma zuba musu takin gargajiya.

Takin kan jawo gara, ita kuma garar sai ta huda ƙasar da ƙananan hanyoyi da ruwa zai bi. Idan ruwan farko ya sauka, ramin ya tara shi, sai a shuka gero ko dawa a ciki. Ƙwayoyin itatuwa da ke cikin kashin dabbobi su ma sukan tsiro. Ta haka Sawadogo ya mayar da wani faƙo a ƙauyen Gourga, kusa da Ouahigouya, ya zama kurmi mai nau'o'in itatuwa fiye da 60.

A 1989 wasu manoma 13 daga yankin Illela na jihar Tawa sun ziyarci Yatenga ƙarƙashin wani shiri da asusun raya aikin gona na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IFAD, ya ɗauki nauyi. Da suka koma gida sai suka fara haƙa irin waɗannan ramuka, waɗanda a Nijar ake kira tassa.

Ramin tassa kan kai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfinsa kuma 10 zuwa 20, kuma hekta guda na iya ɗaukar ramuka fiye da dubu 10. Aiki ne mai wuya, domin hekta ɗaya kan ci sa'o'i 300 ko fiye, a cikin zafin bazara.

Amma bincike ya nuna cewa filin da a da ba ya ba da komai yana iya ba da kilo 300 zuwa 400 na hatsi a shekarar ƙarancin ruwa, a shekara mai albarka kuma har kilo 1,500. Wannan ya sa faƙo ya yi daraja a yankin Illela, har mutane suka fara sayensa domin su gyara.

Rabin wata kuwa rami ne mai faɗin kimanin mita 4, wanda ake haƙawa da siffar jinjirin wata, bakinsa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa. Ana jera kimanin 300 a hekta guda. A wurare masu duwatsu kuma akan jera duwatsun a layi domin rage gudun ruwa.

A ƙauyen Batodi na yankin Illela, masu bincike sun ba da rahoton cewa ruwan rijiyoyi ya taso da kimanin mita 14 tsakanin 1994 da 2004, abin da ya bai wa mata damar kafa lambunan rani.

Aikin Keita

Ba duka aikin ne manoma suka yi su kaɗai ba. A 1984 aka ƙaddamar da wani babban shiri a yankin Keita na ƙasar Adar, da kuɗin gwamnatin Italiya, da haɗin gwiwar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, da kuma Hukumar Samar da Abinci ta Duniya.

An yi amfani da manyan motoci wajen farfasa ƙasar tuddai, an haƙa ramuka a jikin tsaunuka, an gina ƙananan madatsun ruwa, an kuma dasa itatuwa kimanin miliyan 18 cikin shekaru kusan 20. Filin da aka gyara ya haura hekta dubu 30.

Da yake mazan yankin na tafiya ci-rani da zarar an gama girbi, mata ne suka yi mafi yawan aikin ɗaukar duwatsu da haƙa, ana biyansu da abinci.

Shirin na Keita ya nuna cewa ko ƙasar da ta lalace matuƙa ana iya gyara ta. Sai dai ya ci kuɗi masu yawa idan aka kwatanta da sassaben zamani, kuma kula da madatsun bayan janyewar masu ba da tallafi ya zama ƙalubale.

Itacen na wane ne?

Masana da dama na ganin cewa batun mallaka shi ne ginshiƙin abin da ya faru a Nijar.

Tun daga dokar gandun daji da Turawan Faransa suka kafa a 1935, har zuwa wadda Nijar ta yi a 1974, ana ɗaukar itatuwa masu muhimmanci a matsayin dukiyar gwamnati, ko da kuwa a gonar mutum suke. Manomi na iya fuskantar tara idan ya sare reshen itacen da ke gonarsa ba da izini ba.

Sakamakon haka shi ne, manoma da yawa sun gwammace su tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo musu rigima da ma'aikatan gandun daji.

Lamarin ya fara sauyawa a shekarun 1980, lokacin da jami'ai a Maraɗi suka sassauta aiwatar da dokar a wuraren da ake gwajin sassaben zamani. Matsin tattalin arziki da rikicin siyasa na shekarun 1990 su ma sun rage yawan zuwan jami'an gwamnati ƙauyuka.

Dokar tsarin karkara ta 1993 da sabuwar dokar gandun daji ta 2004 sun ƙara wa manoma iko a kan albarkatun gonakinsu. A watan Yulin 2020, a zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou, gwamnati ta fitar da wata doka ta musamman da ta amince cewa manomi na da haƙƙi a kan itatuwan da ya rena.

A ƙauyuka irin su Ɗan Saga da ke yankin Agye, mazauna sun kafa kwamitocin sa ido da suka ƙunshi maza da mata da wakilan makiyaya, domin hana saran itace da dare da kuma yanke tara ga wanda aka kama.

Abin da aka samu

Girman sauyin ya fito fili ne daga 2004 zuwa gaba, lokacin da Chris Reij, wani masani ɗan ƙasar Holan, da Gray Tappan na hukumar nazarin ƙasa ta Amurka, da masanan Nijar irin su Mahamane Larwanou, suka kwatanta hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan Adam na shekarun baya-bayan nan. Sun tarar da cewa a ƙauyuka da yawa itatuwa sun ninka sau da dama, duk da cewa jama'a sun ƙaru.

A wani nazari da aka wallafa a 2009, an ƙiyasta cewa gonakin da aka farfaɗo na samar da ƙarin hatsi tan dubu 500 a shekara, wanda zai ciyar da mutane miliyan 2 da rabi. Wannan ƙiyasi ne da aka gina a kan matsakaicin ƙarin kilo 100 a kowace hekta.

Nazarin ya kuma ce a wasu ƙauyukan lokacin da mata ke ɓatawa wajen neman itacen girki ya ragu daga sa'o'i biyu da rabi a rana zuwa rabin sa'a.

A 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, Nijar ta sake shiga matsalar abinci, kuma jihar Maraɗi na cikin inda abin ya fi tsanani. Itatuwa ba su hana yunwar ba, amma masu bincike sun ce iyalan da ke da su sun samu abin sayarwa, kamar itace da ganye da 'ya'yan itace, maimakon su sayar da dabbobi ko gona.

A 2018 aka bai wa Tony Rinaudo da Yacouba Sawadogo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin. Sawadogo ya rasu a watan Disamban 2023.

Ruwan sama ko aikin manoma?

Akwai muhawara tsakanin masana kan musabbabin wannan sauyi. Tun daga shekarun 1990 ruwan sama ya ɗan ƙaru a Sahel idan aka kwatanta da shekarun fari, kuma wasu na ganin wannan ne babban dalilin da ya sa yankin ya ƙara yin kore a hotunan tauraron ɗan Adam.

Masu ɗaya ra'ayin sun amince cewa ruwan ya taimaka, amma suna nuni da cewa itatuwan sun fi yawa a gonakin da ke kewaye da ƙauyuka masu cunkoso, fiye da dazuzzukan da babu mai kula da su. Sun kuma nuna wurare a kan iyakar Nijar da Najeriya inda ruwan sama da ƙasa iri ɗaya ne, amma ɓangaren Nijar ya fi itatuwa.

Wasu masanan kuma na gargaɗin cewa alƙaluman hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 ƙiyasi ne, kuma amfanin da ake samu ya bambanta daga gona zuwa gona, gwargwadon irin ƙasa da irin itacen.

Hanyar ƙasashe masu kuɗi

Wasu ƙasashen sun bi hanya ta dabam, wato kai ruwa cikin ainihin hamada. A shekarun 1980 Saudiyya ta riƙa zuƙo ruwan da ya daɗe kwance a ƙarƙashin ƙasa tana noman alkama, har ta kai ga sayarwa ƙasashen waje. Da ruwan ya fara ja baya, gwamnati ta yanke shawara a 2008 ta rage shirin sannu a hankali har zuwa 2016.

A Masar, Shugaba Hosni Mubarak ya ƙaddamar da shirin Toshka a 1997 domin janyo ruwa daga tafkin Nasser zuwa hamadar kudu maso yamma. An shafe shekaru ana noma ɗan ƙaramin ɓangare na filin da aka tsara, kafin gwamnatin Abdel Fattah al-Sisi ta sake farfaɗo da shi.

Irin waɗannan ayyuka na buƙatar biliyoyin daloli da ruwa mai yawa, abubuwan da ƙaramin manomin Sahel ba shi da su.

Katangar itatuwa ta Afirka

A 2007 Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa katangar itatuwa mai tsawon kilomita kusan 8,000 da faɗin kilomita 15, daga Senegal zuwa Jibuti. Olusegun Obasanjo na Najeriya da Abdoulaye Wade na Senegal na cikin shugabannin da suka fi tallata shirin.

Burin shi ne a gyara hekta miliyan 100 tare da samar da ayyukan yi miliyan 10 kafin 2030. Amma wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa hekta miliyan 4 kacal aka gyara a ainihin yankin da aka shata. A watan Janairun 2021 masu ba da tallafi sun yi alƙawarin fiye da dala biliyan 14 a wani taro a Paris.

Darasin Nijar ya yi tasiri a kan shirin. An rage maganar layin itatuwa guda ɗaya, an koma ga gyaran gonaki da makiyaya ta hanyoyi iri-iri, ciki har da sassaben zamani da tassa da rabin wata. Dabarar renon kututture ta kuma isa wasu ƙasashe, kamar Habasha, inda aka farfaɗo da daji mai faɗin kimanin hekta 2,700 a yankin Humbo.

A Najeriya, an kafa hukumar kula da shirin katangar a 2015, kuma tana aiki a jihohi 11 na arewa, wato Sakkwato, Kebbi, Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa, Bauchi, Gombe, Yobe, Borno da Adamawa. A watan Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 domin gyaran ƙasa a jihohin arewa 19 da Abuja.

Masanin nan ɗan Birtaniya Michael Mortimore, wanda ya daɗe yana nazari a arewacin Najeriya, ya nuna cewa manoman karkarar Kano sun ci gaba da riƙe itatuwa a gonakinsu duk da yawan jama'a, abin da ke nuna cewa al'adar tana da tushe a ɓangarorin iyakar biyu.

Matsalolin da suka rage

Babban ƙalubalen shi ne ƙaruwar jama'a. A 1960 mutanen Nijar ba su kai miliyan 4 ba. Ƙidayar 2012 ta nuna sun haura miliyan 17, kuma a shekarun 2020 sun zarce miliyan 25. Gonaki na ƙara tsukewa a duk lokacin da aka raba gado, kuma ƙarin hatsin da itatuwa ke kawowa bai kai yawan bakunan da ke ƙaruwa ba.

Akwai kuma batun makiyaya. Filin da aka gyara ya zama gona sau da yawa wurin kiwo ne ko burtali a da, kuma idan ba a yi shawara da makiyaya ba, gyaran kan iya haifar da rikici. Haka nan mata da matasa marasa gona ba sa cin moriyar itatuwan kamar masu gona, wasu ma sun rasa wuraren da suke samun itace kyauta.

Buƙatar itacen girki da gawayi a biranen Maraɗi da Damagaram da Yamai na ci gaba da ƙarfafa masu saran itace ba da izini ba.

Rashin tsaro a jihohin Tillaberi da Diffa da kudu maso yammacin Maraɗi ya raba manoma da dama da gonakinsu. Bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 kuma, wasu ƙasashe da hukumomi sun dakatar da tallafin da suke bai wa Nijar.

Nijar ta yi alƙawarin gyara ƙarin hekta miliyan 3 da dubu 200 kafin 2030. Masana na ganin cewa cimma wannan buri ya dogara ne a kan tabbatar wa manomi da makiyayi haƙƙinsu a kan ƙasa da itace, da kuma samar da taki da ingantaccen iri da kasuwa, domin itatuwa su kaɗai ba za su ninka amfanin gona yadda yawan jama'a ke buƙata ba.